Kujerar Baya

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo tun kafin in karya kumallo, ga shi nan. Wadda ta rubuto cewa in sassauta wa Shafi'u don yaro ne, na ji. Sai dai ba ni nake riƙe masa sitiyari ba.

Kiɗa ya riga motar isowa.

Baba Yari yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, ƙarƙashin dogon yaro, ya jiyo shi tun daga bayan masallaci. Tun da yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye tuƙi, kunnensa ne ya karɓi aikin. Abin da kunnen ya gaya masa kuwa bai yi masa daɗi ba. Motar surukinsa ba ta hanyar Konni ta fito ba. Ta kudu ta ɓullo, ta hanyar daji, wadda ba ta kai mutum ko'ina sai iyakar ƙasa.

Ya ajiye wannan a gefen zuciyarsa, inda yake tara irinsu.

Motar ta tsaya. Tsohuwar Karola ce mai dogon baya, wadda a zamaninta fara ce. Shafi'u ya fito, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Wa anka ɗaura wa aure?"

"Aure, Baba?"

"Na ji makaɗa."

Shafi'u ya tashi da sauri ya je ya kashe kiɗan. Ƙauyen ya koma shirunsa. Ranar kasuwar Konni ce, duk mai ƙafa da mai taya ya tafi tun da safe, an bar gari a hannun tsofaffi da awaki da masu ciki.

"Ya mutanen gida?" in ji Shafi'u, kansa a ƙasa.

"Yarinyar na ciki da gwaggonta. Tun asuba take cewa bayanta."

"Ita ta kira ni."

Yarinyar ita ce Hafiza, matar Shafi'u, 'yar farin Baba Yari. Bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi, kamar yadda ubansa bai taɓa kiran nasa ba. Cikinta na fari ya tsufa, ta dawo gida goyon ciki a hannun Gwaggo Suwaiba, ƙanwar Yari, domin uwar da za ta karɓe ta babu ita. Zalika, matar Yari, ta rasu a kan amalanken jaki, tana naƙudar auta, kafin a kai kwalta. Yari ne ya ja jakin. Mutumin da ya kai tirela Agadas ya dawo da ita ba ko ƙwarzane, ranar da ya buƙaci mota, igiya ce a hannunsa.

Shi ya sa da Shafi'u ya dawo daga ci-rani yana maganar buɗe shago, Yari ya ce a'a, mota. Bai roƙe shi komai ba a duniya sai wannan.

Shafi'u ya gyara durƙuso.

"Baba, tunda na zo, nac ce bari in nemi shawara. Akwai 'yan gyare-gyaren da nike son ƙara mata."

"Shawara kake nema ko shaida?"

"Shawara, Baba."

"To. Don wanda ya zo neman shawara da fenti a hannu ya riga ya gama. Faɗi."

"Ina son a sa mata baƙin gilashi. Da fitilu bisa rufi. Da oda mai ƙara irin ta tirela. In hali ya yi, da faffaɗan taya, irin na motar Abdulrazak."

"Birki fa?"

"Birki shina kamawa."

"Shina kamawa ko shina tunanin kamawa? Na ji shi da ka tsaya. Awa akuya anka taka."

Shafi'u ya yi 'yar dariya. Yari bai taya shi ba. Ya gaji da wannan karatun. Ya yi shi ga yaran mota a tashar Konni, ya yi shi a Malbaza, ya yi shi a Tawa, wasu daga cikin ɗalibansa kuma shi ya riƙe musu makara. Amma bakin tsoho kamar famfon da ya lalace ne, ko ba mai ɗiba sai ya zuba.

"Saurara. Motar farko ba a yi mata ado sai an san halinta. Ka tuƙa ta yadda ka same ta, ta ga damina, ta ga rani, ta gaya maka ciwonta da bakinta. Sannan daga ƙasa ake fara gyara. Taya, birki, sitiyari. Abin da ke tsai da ita kafin abin da ke sa ta gudu. Ku kuwa daga sama kuke farawa, awa mai ɗora rawani bisa gyambo."

"Haka ne, Baba."

"Kuma abu ɗai-ɗai. In ka canza abu biyar rana guda ta lalace, wa za ka kama? Faffaɗan tayan da kake so, in ka sa su sai ta riƙa shan mai awa raƙumi, sitiyari ya yi nauyi, in ka juya su goga jiki. Baƙin gilashi kuwa gayyata ce. Duk jandarman da ke gyangyaɗi sai ya farka ya ga mi kake ɓoyewa."

Yari ya karkata kai wajen motar.

"Wa ya ja maka wayar kiɗan ga?"

"Almustafa mai walda. Ya iya wuta ma."

"Ya sa fis?"

"Yac ce fis ɗin na yawan ƙonewa, sai ya haɗa kai tsaye. Ya naɗe da leda sosai."

"Da leda."

"Sosai, Baba."

Yari ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Wanda ya ƙera motag ga a Japan bai san ka ba, ba ya ƙaunarka, amma shina tsoron kotu. Almustafa shina ƙaunarka, amma ba ya tsoron kowa. Zaɓi wanda za ka ba ranka. Fis ɗin da kuke rainawa, aikinsa ke nan ya ƙone don kada mota ta ƙone. In shina yawan ƙonewa, magana yake yi. Ku sai ku toshe mai baki."

"Zan sa a mayar."

"Ka sa. Bayan kiɗa mi anka ƙara?"

"Sifirin kaɗai, na baya. Don ta ɗauki nauyin albasa. In rani ya yi zan riƙa ɗauko ta daga Tsarnawa."

"Albasa."

"E, Baba."

"Ga gero ko kai bai fitar ba, kai ka shirya wa albasa. Allah ya ƙara himma. Miƙo mini sandata."

Ya tashi a hankali, gwiwoyinsa suna ƙorafi. Motar a idonsa farin dusu-dusu ce kawai, kamar saniya a cikin hazo. Ya ɗora tafin hannunsa a kan gabanta, ya bi jikinta yana shafawa har baya. A nan ya tsaya.

Wancan zuwan da Shafi'u ya yi, Yari ya jingina da motar nan, bayanta a ɗage yake kamar na kaza mai tono. Yau ta zauna daram, gaba da baya daidai.

"Ka ce an ƙara sifirin."

"An ƙara."

"Akwai kaya ciki?"

"Babu, Baba. Duba, ba komai."

"Ba ni da abin dubawa. Motar da anka ƙara wa sifirin, in babu kaya, bayanta sama yake kallo. To mi ya zaunar da wagga?"



Yari ya sa hannu biyu ya danna bayan motar da duk sauran ƙarfinsa, ya saki. Ba ta yi tsalle ba. Ta ɗan motsa kamar mai ƙiba da aka tasa daga barci, daga can cikinta kuma wani abu ya ce ɓulum, ya je ya dawo.

"Tankinta na ainihi ba nan yake kuka ba," in ji Yari.

Ya laluba ya buɗe ƙofar baya. Turaren wuta ya buge shi, mai yawa, irin wanda ake yi don a kashe wani wari ba don a ji ƙamshi ba. Ya sunkuya ya shiga ya zauna. Hularsa ta taɓo rufi ta faɗo masa a cinya. Kujerar ta ƙara tudu, soson kuma bai fi kaurin tabarma ba. Ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa tsakanin ƙafafunsa.

Ƙarfe ne. Cike.

Kowa a ƙasar nan ya san wannan sana'ar. Wata shekara man fetur ya fi araha a can tsallaken iyaka, a kawo shi nan. Wata shekara ya fi araha a nan, a kai shi can. Gwamnatoci suna ta canza farashi, hanyar dajin ba ta canza ba. A da jarkoki ake ɗaurawa a bayan babur. Da aka matsa wa jarka, sai masu walda suka koyi cire cikin kujera su gina tanki a gurbinsa, a mayar da mayafin kujerar a kai, mota ta wuce shingen duwan, wato 'yan kwastan, tana murmushi.

Yari ya fito. Bai kalli inda surukinsa yake ba. Ya ajiye sanda, ya durƙusa, ya kwanta a kan ƙasar da ruwan jiya ya jiƙa, ya tura rabin jikinsa ƙarƙashin motar.

"Baba, don Allah, rigarka..."

"Rigata ta ga abin da ya fi laka."

Zafin salansa ya fara gaishe shi, ya kauce masa. Bai yi nisa da lalube ba yatsunsa suka sami ɗinkin walda, ƙuraje-ƙuraje, tazararsa da salansa ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya bi ɗinkin. A kusurwa ya taɓa wani abu mai santsi, mai laushi, an dame shi an liƙa. Ya kankaro kaɗan da farce ya kai hanci.

Fetur. A ƙarƙashin fetur, lemun tsami.

Ya daɗe a kwance a wurin.

Duk direban daji ya san dabarar. Tanki in ya tsage, a goga masa sabulu. Mai ba ya narkar da sabulu, ruwa ke narkar da shi. Dabara ce ta kai mota gari na gaba, ba ta zama da ita ba. Amma ba dabarar ce ta danne shi a ƙasa ba. Ya san sabulun. Shi ya hau kabu-kabu ya je Konni, ya tsaya a gaban mai tebur yana shinshina su ɗaya bayan ɗaya tunda ba ya ganin rubutu, har ya sami mai ƙamshin da Zalika take so. Shi ya kawo ya ba Suwaiba ya ce a sa a cikin kayan haihuwa.

Ya jawo jikinsa ya fito, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga yatsan sama.

"Wa ya yi wa mota wanka daga ƙasa?"

"Baba, ɗan tsatsa ne kaɗan. Almustafa yac ce in na sauke wanga man, gobe ya sake bi da wuta."

"Ya sake bi da wuta. Tankin da ya sha mai. Allah ya jiƙan Almustafa tun yanzu."

"Kowa na yi, Baba."

"Kowa na mutuwa ma. Ban ga ana rububi ba."

Shafi'u ya miƙe tsaye. Bai taɓa yin magana a tsaye a gaban surukinsa ba.

"Baba, ka gafarce ni, amma kai kac ce in sayi mota. Ni shago na so. Na bi maganarka. Garin ga fasinja sai ranar kasuwa. Sauran kwanaki tana zaune, ga taya, ga takardu, ga gareji, ba ta san babu ba. Ga haihuwa tahe. In zo maka hannu biyu ranar suna? Ban yi don son raina ba. Wallahi ban yi don gayu ba."

"Odar tirela fa?"

Shafi'u ya koma ya durƙusa.

"Gaskiya ka faɗi," in ji Yari. Muryarsa ba ta tashi ba, ta gaji da tashi tun shekaru. "Ni nac ce ka saya. Kuma na san mota ba ta cin addu'a. Amma ka san don mi nac ce. Ba don inji ba, ba don fenti ba. Don kujera guda. Wadda mace za ta miƙe bisanta, gwaggonta ta riƙe mata kai, a kai ta matarniti, asibitin haihuwa, kafin jini ya ƙare. Da ka cire ƙofofi, da ka sayar da fitilu, da ban ce uffan ba. Duk motag ga kujera guda na roƙe ka. Ita ka ba mai walda."

"Ana zama bisanta, Baba. Jiya ma..."

"Ana zama bisa kabari ma."

"Baba."

Ba Shafi'u ba ne. Daga bakin zaure muryar ta fito. Yari ya juya ya ga inuwa mai faɗi a tsakiya, ta dafa bango da hannu ɗaya.

"Ke, koma ciki."

"Baba, kak ka yi mai faɗa shi kaɗai." Hafiza ta tsaya ta ja numfashi. "Ni na ba shi sabulun."

"Kin san na mi ne?"

"Na sani."

"Kin san abin da ke ƙarƙashin kujerar?"

"Tun ranar da anka yi. Nac ce kada a gaya maka. Munka ce kafin lokacina ya yi an cire, an mayar da ta da. Kujerar na nan ɗakinmu, Baba, ba a yar ba. A lissafinmu da sauran kwanaki."

"Lissafinku."

"Ba mu so ka ji ciwo ba."

Yari ya goge yatsansa a jikin rigarsa. Ƙamshin bai tafi ba. Ya yi tunanin ya yi fushi, ya duba cikinsa ya tarar babu abin yin sa. Yara biyu sun haɗa kai sun ɓoye masa wuta don kada ya ji ciwo. Haka ƙauna take aiki a gidan talaka, tana rufe rami da tabarma.

Sai ga takun Gwaggo Suwaiba, bakinta ya riga ta fitowa kamar kullum.

"Ke wa yac ce ki fito? Na juya in sauke ruwan zafi, kin sulale awa mage! Kai kuma ango, ka zo da gangunanka ka tashe mu, ko sannu ba ka leƙo ka... Yaya, mi kake yi cikin laka da girmanka?"

Sai maganar ta tsinke a bakinta. Yari ya ji ta durƙusa. Ya ji ƙarar zane ana ɗagawa kaɗan.

"Yaya."

Ya san wannan muryar. Sau ɗaya ya taɓa jin ta, a wannan zauren.

"Faɗi."

"Jini ne. Ba faya ba ce ta fashe. Jini ya riga."

"Da yawa?"

"Irin na Zalika."

Shafi'u ya riga ya zaro waya. Ya kira ƙaramin asibitin Alela, aka ce motar marasa lafiya ta fita da wani tun hantsi, sai dai a kai mai naƙudar Konni, kuma kada a tsaya. Ya kira Abdulrazak, yana tsakiyar kasuwa, ya ce ko yanzu ya taso sai bayan azahar. Ya kira wani, ba ta shiga. Ya tsaya da waya a hannu yana juyawa kamar wanda ya ɓatar da alƙibla.

"A zuƙe man," in ji shi. "Ina da tiyo."

"A zuba a mi?" in ji Yari. "Bakin tankin ga ya fi na buta? Har la'asar kana zuƙa."

"To a huda shi ya zube!"

"Ƙofar gida? Ga murhun Suwaiba na ci, ga na maƙwabta. Ka tashi garin duka don ka huta da zaɓi."

"Wane tanki?" in ji Suwaiba. "Wane mai? Ku buɗe mota in sa ɗiyata!"

"Kujerar baya tankin fetur ce, Suwaiba. Shina yoyo kusa da salansa. Sabulu ke riƙe da shi."

"Sabulu?"

"Kuma akwai gulbi tsakaninmu da kwalta."

Suwaiba ba ta san mota ba, amma ta san abin da ruwa yake yi wa sabulu. Ta saki salati, ta juya kan Shafi'u.

"Kai! Kai, ɗan banzan ga! Abin da ka yi ke nan? Mu muna nan muna yi maka addu'ar buɗi, ashe murhu ka gina wa ɗiyarmu?"

"Gwaggo, bari," in ji Hafiza, sai maganar ta koma nishi, ta zame a jikin bango.

Wata maƙwabciya da ta leƙo ta ruga, ba a jima ba sai ga amsar gudunta. Yari ya jiyo ta tun daga lungu. Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Amalanken tsoho Bilal, da jakinsa, da tayar da ba ta ga man shafawa ba tun bara. Duk amalanke a duniya kukansu ɗaya. Ya bi wannan kukan a ƙafa, daga wannan ƙofar har gindin wata tsamiya da ba ya son wucewa har yau, inda Suwaiba ta ce masa ya tsai da jakin, ba sauran sauri.

"Ga ni, Yari," in ji Bilal. "Na shimfiɗa katifa."

Amalanke a hagu. Mota a dama. Shafi'u yana kuka ba sauti, makulli a hannunsa.

"Yaya, ka yi magana!" in ji Suwaiba. "Zanen ya jiƙe!"

Yari ya dafa motar ya miƙe. Duk abin da ya koya wa mutane a rayuwarsa yana gefe ɗaya, tsamiyar tana ɗaya gefen.

"Suwaiba, ruwan gulbi ya kai ina da safe?"

"'Yan kasuwa sunka ce ƙwauri. Dutsen wanki na waje, ruwa bai rufe shi ba."

"Shafi'u."

"Baba."

"Buɗe gaba. Fizge wayar kiɗan ga daga batir, ka jefar. Sauke gilashi duka. Kwantar da kujerar gaba, nan za ta kwanta. In munka kai gulbi ka kashe inji, mu tura ta da hannu. In munka haye in shiga ƙasa in share in sake liƙewa, sannan ka tayar. Ba gudu, ba rami. In nac ce tsaya, ka tsaya, ku jawo ta waje, kada kowa ya waiwaye ni."

"Kai ina za ka zauna, Baba?"

"Inda ka gyara."

Ya juya wajen inuwar da ke zaune a bakin zaure. Ya taka har gabanta, ya sunkuya, ya laluba ya sami kanta. Goshinta ya yi sanyi.

"Hafiza."

Suwaiba ta ɗago ta dube shi. Bilal ya kau da kai.

"Na'am, Baba." Da ƙyar ta fito.

"Akwai sauran sabulun?"

"Cikin kwalla. Ƙasan zannuwa."

"Ɗauko, Suwaiba. Da tsumma busasshe."

Suka ɗauke ta su uku suka kwantar. Suwaiba ta shiga baya ta miƙa hannu ta riƙe mata kai, bakinta yana ta addu'a, tana haɗawa da zagin Almustafa. Yari ya zauna kusa da ita, hula a cinya, sabulu a hannun dama. Ƙarfen yana da sanyi ta cikin soso. Da Shafi'u ya murɗa makulli sai da kowa ya riƙe numfashi.

Ta tashi. Ba abin da ya biyo baya sai ƙarar inji.

Suka fita gari a hankali. Gero a dama da hagu yana shafar ƙofofi. A kowane gargada man yana cewa ɓulum a ƙarƙashinsu, Yari yana buɗe hanci yana auna warin, ko ya ƙaru, ko nasa tsoron ne. Suka wuce tsamiyar. Bai gan ta ba, amma ya san sun wuce, don Suwaiba ta yi shiru.

"Tana numfashi?"

"Tana yi. Hafiza, ki yi mini magana. Ke, kada ki yi barci."

Iska mai sanyi ta shigo ta gabas, mai ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Yari ya karkata kai. A bayan ƙarar inji akwai wata ƙara, mai kauri, wadda bai kamata a ji ta daga nan ba.

Birkin ya yi kukan akuyarsa. Motar ta tsaya. Shafi'u ya kashe inji kamar yadda aka ce masa, amma bai buɗe ƙofa ba.

"Mun kai?"

"Mun kai, Baba."

"Ruwan ya kai ina?"

Shafi'u ya leƙa kai ta taga yana duba ruwan.

"Nac ce ya kai ina?"

"Baba... ba na ganin dutsen."